Goggo Tsakanin Masallatai Biyu

Goggo ta rasu da hantsi a ɗakinta na unguwar Bani Malik a Jidda, kanta bisa cinyata. Kafin a kira azahar lungunmu ya cika, har masu wucewa suna tambaya ko wani babban malami ne ya rasu. Yayar babanmu ce, mai tuyar ƙosai, wadda ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba.

Wata tsohuwa cikin Hausawan da suka zo daga Sudan ta shigo tana dogara sanda, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "To mu yanzu wa zai wanke mu?" Ba ta yi wa kowa gaisuwa ba, ta nemi gindin bango ta zauna. Goggo ce ke wankan gawar mata a unguwar tun kafin a haife ni. Mutumin Yaman ɗin da ke da kanti a bakin lungu, wanda kullum suke faɗa da ita a kan tsadar mai, ya rufe kantinsa ya zo ya tsaya cikin rana, ya ƙi karɓar tabarma. Wani dattijo da ban sani ba ya ce wa maigidana, "Ta taɓa marina ina saurayi, kuma wallahi na cancanta." Bai faɗi abin da ya yi ba.

Babanmu ya kasa zama. Yana ta zagaya mutane yana tambaya ko an ba su ruwa. Baffa, ƙaninsa, ya zauna a ƙofar ɗakinta ya sunkuyar da kai, duk wanda ya yi masa ta'aziyya sai ya ce, "Uwata ce. Ba yayata ba ce, uwata ce."

Ina rubuta wannan ne saboda yaranmu. Sun tashi Larabci ya fi musu sauƙi a baki, kuma abin da suka sani game da ita bai wuce tsohuwar da ke ba su dabino tana zaginsu da Hausar da ba su gama fahimta ba. Ina so su san cewa akwai lokacin da unguwar nan ta kusa watsewa, kuma da yawa cikinsu da ba a nan aka haife su ba in ba don ita ba.

A ƙasa suka zo daga ƙasar Hausa da nufin aikin hajji, ita da iyayensu da ƙannenta biyu, suna tafiya suna tsayawa noma ko ƙwadago su sami guzuri. Uban ya rasu a hanya, uwar ta bi shi kafin su kai bakin teku. Goggo, tana budurwa, ita ta haye da yaran a jirgin ruwa. Ba ta son ba da labarin. In an matsa mata sai ta ce, "Mun taho, mun iso. Sai me kuma?" Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, daga nan ta ce ya ishe ta. Kowace safiya tana kafa kaskonta a bakin hanya inda leburori ke jiran mota, tana sayar da ƙosai da kunu. Duk tsawon zamanta a Jidda Larabcinta bai wuce na ciniki da faɗa ba. "Yalla" da "halas", wato "maza" da "shi ke nan", su ne kalmomin da ta riƙe da kyau, kuma da su take sallamar kowa, Balarabe ko Bahaushe. In ka zo mata da damuwa, ko me girmanta, abin da za ta fara cewa shi ne, "Ci tukuna."

Masallacin unguwarmu na farko babanmu ne ya haɗa shi, shi da sauran waɗanda suka riga kowa zama a nan, da katakon akwatunan kaya da ake zubarwa a tasha da guntayen langa-langa. Kafinta ne. A cikinsa suke salla kamar yadda suka gani a gida, hannuwa a sake a gefe, kuma duk ranar Juma'a bayan la'asar su zauna da'ira su yi zikiri da murya ɗaya har faɗuwar rana. Mu mata muna ji daga cikin gida. Ban taɓa tunanin akwai mai ganin laifin wannan ba.

Baffa direba ne a wurin wani attajiri, wanda shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama. Aikin direba rabinsa jira ne. Baffa kuwa ba ya son zaman banza, sai ya riƙa shiga masallatan cikin gari yana zama a darasin malamai. Ya iya Larabci sosai, ya fara sayen littattafai. Da farko abin da aka lura da shi kawai shi ne ya koma ɗora hannuwa a ƙirji in yana salla. Dattawa suka yi gunaguni, aka bar shi. Daga baya ya daina zama zikirin Juma'a. Da babanmu ya tambaye shi, ya ce ya bincika bai ga asalin wannan zama ba, kuma yana tsoron kada su zo ranar gobe ƙiyama a ce musu sun ƙara abu a addini.

Ina so a fahimce ni, Baffa ba mai rashin kunya ba ne. Da gaske yake jiye wa yayansa. Babanmu ma ba taurin kai kawai ne ya riƙe shi ba. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Ubanmu ya mutu a daji yana nufin ɗakin Allah, da wannan zikirin a bakinsa. Kai ne za ka ce min a ɓata ya mutu?" Baffa ya ce shi bai faɗi haka ba. Babanmu ya ce, "Ka faɗa, ba ka dai ji kanka ba ne."

Samari da yawa suka bi Baffa, har da maigidana, lokacin ban daɗe da tarewa ba. Suka kama wani shago a ƙarshen lungu suka shimfiɗa tabarmi. Aka wayi gari ana kiran salla biyu a unguwar da ko tafiyar minti kaɗan ba ta kai ba. Waɗannan ba sa bin waɗancan salla. Sannu a hankali gaisuwa ta ragu. Mata biyu da suke daka tare tun suna amare suka koma kowa da turminta.

Abin ya kai inda ya kai ranar sunan ɗana na fari. Babanmu ne ya yanka ragon da hannunsa, cikin murna. Aka kai wa maza abinci, sai tire ya dawo daga ɓangaren su Baffa an cinye shinkafa an ture naman gefe. Wasu cikin samarin sun ce ba su da tabbas a kan yankan mai irin wannan aƙida. Baffa bai faɗi haka da bakinsa ba, amma shi ma bai ci ba. Babanmu ya tsaya ya dubi tiren nan, ya sa takalminsa ya fita. Da layya ta zo Baffa ya aiko masa da cinya, babanmu ya mayar. Bayan haka ya aiko Inna, mahaifiyata, ta ce min in haɗa kayana in dawo gida, shi ba zai bar 'yarsa a hannun wanda ke ƙyamar yankansa ba.

Ina son mijina, ina kuma tsoron fushin ubana. Na goya yaron na tafi wurin Goggo ina kuka. Ta sa na ci ƙosai, sannan ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Muka sami babanmu yana feƙe katako a ƙofar gida.

"Kai ka ce ta dawo?"

"Yaya, kin ga abin da suka yi min."

"Na gani. Ita ce ta ture naman?"

"Mijinta ne."

"To je ka ka ɗauko mijin ka ajiye a gidanka, ka yi ta yi masa faɗa. Ita me ta yi? Ya dake ta? Ya hana ta abinci?" Ta juyo gare ni. "Ya hana ki gaida ubanki?" Na ce a'a. Ta ce, "Halas. Koma ɗakinki." Babanmu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. "In kana son ka yi fushi da ƙaninka ka yi, naku ne. Amma ba za ka biya da auren yarinya ba."

Na koma. Babanmu ya yi wata da watanni yana amsa gaisuwata da ƙyar, amma bai sake aikowa ba.

Abin da ya fi wannan haɗari yana gaba. Wata rana maigidana ya dawo jikinsa a sanyaye, ya ce wasu cikin samarinsu sun yanke shawarar kai ƙara wurin hukuma, su ce ana bidi'a a tsohon masallaci, a zo a rufe shi. Na tambaye shi me Baffa ya ce. Ya ce an yi maganar a gabansa, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Duk wanda ya zauna a nan ya san abin da wannan ke nufi. Yawancin dattawan da ke zikirin nan sun shigo ƙasar ne tun ba a san wata iƙama ba, wato takardar izinin zama, kuma ba su taɓa yin ta ba. Suna zaune ne saboda ba wanda ya damu da su. In aka zo lungun nan da bincike, ba a masallaci za a tsaya ba.

Da na gaya wa Goggo, ta sauke kaskonta daga wuta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba da sauran ƙullu a ƙwarya. A lokacin maigidan Baffa yana hutu da iyalinsa a gidansa na bakin ruwa a Abhur, Baffa yana can tare da su. Wuri ne mai nisa, kuma a wancan zamani ba mota ake samu kai tsaye ba. Goggo ta tare wani direban da ke kai siminti can, wanda ke cin ƙosanta bashi ko ba bashi, ta ce ya kai mu. Muka zauna a baya kan buhuna, ni da goyo, iskar teku na watsa mana garin siminti a fuska.

Mun same shi yana wanke mota a gefen gidan. Da ya gan mu fari fat da siminti ya saki tsumman ya rugo.

"Yaya! Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna. Ba ni ruwa."

Ya kawo ruwa, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar garu, ya durƙusa. Auta take kiransa har ya yi furfura.

"Auta, an ce yaranka za su kai ƙara."

"Ni ban ce a kai ba, Yaya."

"Ka ce kada a kai?"

Ya kau da kai. Sannan ya ce, "Abin da dattawan suke yi ba daidai ba ne. Na faɗa musu da lalama, na kawo musu littafi, sun ƙi. Ina jin tsoron Allah ya tambaye ni me na yi."

"Ni ban zo in ce maka daidai ne ba. Ban yi karatu ba, kai ka yi. Amma in mutanen nan suka zo, ba za su tambayi kowa inda yake ajiye hannunsa ba. Takarda za su tambaya. Kai kana da ita. Yayanka ba shi da ita. Ni ma ba ni da ita."

"Ba wanda zai taɓa ki, Yaya. Zan yi wa maigidana magana."

"Sauran fa? Makahon nan mai kiran salla, maigidanka zai tsaya masa? In aka zuba mu a jirgi aka mayar, ina za mu? Garin da aka haife ni, yau ko ƙofar gidanmu ba zan gane ba." Ta kurɓi ruwa. "Ka ce kana jiye wa ɗan'uwanka. To zauna kusa da shi ka yi ta gaya masa har ɗayanku ya gaji. In an kore shi, wa za ka gaya wa?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Sai na ga yana kuka. Goggo ba ta rarrashe shi ba, ta karɓi yaron daga bayana tana kaɗe masa siminti a ka.

A ranar ya nemi izini ya dawo da mu a mota. Bayan sallar magariba ya tashi a shagon nan ya ce shi bai canza ra'ayinsa game da zikirin ba ko kaɗan, amma duk wanda ya kai ƙarar dattawan unguwa ya nemi wani liman, kuma kada ya sake gaishe shi. Maigidana ya ce bai taɓa jin muryarsa ta yi ƙarfi haka ba. Ba a kai ƙarar ba. Wasu cikin samarin suka ce Baffa ya yi sanyi, ya fifita zumunta a kan gaskiya, suka bar shi suka koma salla a wata unguwa. Ya ji zafin wannan ƙwarai, don akwai waɗanda shi ya koya musu alif a cikinsu.

A hanyarmu ta dawowa daga Abhur wani abu ya faru da ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Mun wuce masunta suna sauke kamu, Goggo ta ce a tsaya. Ta daɗe tana kallon kifin nan, sannan ta tambayi Baffa, "Wannan wa ke yanka shi?"

Ya ce, "Ba a yanka kifi, Yaya. Halal ne haka nan."

"A littafinka?"

"A littafin kowa."

Ta sayi manya guda biyu. Ranar Juma'a ta aika wa babanmu, ta aika wa Baffa, ta ce tana neman kowannensu bayan an sauko daga masallaci, kuma wanda bai zo ba kada ya zo jana'izarta. Ta dafa shinkafa da kifi irin ta mutanen Jidda, wadda ake soya albasa har ta yi baƙi-baƙi, amma ta zuba mata yaji da daddawa irin namu. Ta zuba a tire ɗaya. Suka zo, kowa ya zauna a ƙarshen tabarma yana kallon bango.

"Ba wanda ya yanka," in ji ta. "Yalla, ku sa hannu."

Suka ci ba mai magana. Juma'a ta gaba ma haka. Ban san a Juma'a ta nawa ba ne Baffa ya cire ƙaya daga wani yanki mai tsoka ya tura gaban yayansa, shi kuma ya ɗauka ya ci. Daga nan aka fara magana, kuma maganar farko da suka yi gardama ce, a kan zikirin dai. Goggo ta bar su. Doka ɗaya ta kafa, ba a tashi sai tire ya ƙare.

Ba zan ce sun shirya a kan addini ba, don ba su shirya ba. Har yau masallatai biyu ne a lungunmu, sai dai yanzu duka na bulo ne. Babanmu yana sakin hannu, Baffa yana kamawa. Amma an koma gaisawa, an koma zuwa suna da jana'izar juna, kuma da aka haifi ƙanwar ɗana Baffa ya ci naman sunan, ya ce ya sake dubawa ya ga samarin nan sun wuce iyaka. Kifin Juma'a kuwa ya zama al'ada, har surukai da jikoki suka shiga, tire ya zama uku.

Kada yara su ɗauka waliyyiya ce. Bakinta da zafi, kuma ba ta ba da haƙuri ko ta san ita ce da laifi, sai dai ta aiko maka da ƙosai. Ta fi son Baffa, kowa ya sani, babanmu ma ya sani. Ta taɓa yin shekara ba ta yi wa Inna magana ba a kan tukunyar aro da Inna ta dawo mata da ita a lotse. Amma a cikin shekarar ce Inna ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, Goggo ta tare a ɗakinta tana yi mata wanka da wanki da ba ta kunu a baki, duk ba ta ce mata uffan ba. Da Inna ta warke ta ce, "Yaya, na gode." Goggo ta ce, "Tukunyata dai ta lalace," ta fita.

Ciwon ajalinta bai ja ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita ya ce a mayar da ita gida a kula da ita. Na dawo ɗakinta da zama. Ba ta nuna tsoro ba. Ta raba 'yan kayanta, ta ba ni kaskon, ta ce in ban iya tuya ba in ba wadda ta iya.

Ana gobe za ta rasu, da la'asar, babanmu da Baffa suna zaune a zaure. Babanmu ya ce zai tara dattawa su zo su yi mata karatu da zikiri a kanta. Baffa ya ce a'a, a dai riƙa tuna mata kalmar shahada a hankali, shi ne abin da ya tabbata. Murya ta fara tashi. Wannan ya kawo hujja, wancan ya ce ai kai kullum haka kake. Raina ya ɓaci. Na miƙe zan je in ce musu su ji tsoron Allah, mara lafiya na ji.

Ta riƙo zanena. Na duba na ga idonta a rufe, amma tana murmushi.

"Ina za ki?"

"Zan ce su yi shiru, Goggo."

"Bar su. Su biyun ne?"

Na ce su biyu ne.

"A zaure ɗaya?"

Na ce e.

"To buɗe min ƙofar sosai in ji."

Na buɗe. Ta gyara kwanciya ta fuskanci zauren, tana saurarensu har barci ya ɗauke ta.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata zafin bakinta, ya yalwata mata makwanci kamar yadda ta yalwata mana wurin zama. Mu da ta bari, Allah ya sa mu iya da junanmu.